'Yan Talata na Ɗakin Ƙasa

Litinin, 3 ga Fabrairu, bakwai na safe

Kwana takwas ban sha ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta sallame ni ce ta ce in riƙa ƙirgawa ina rubutawa, wai yana taimakawa. To ga shi na rubuta, da hannun hagu, don na dama an yi masa ɗori sai bayan sati shida.

Motar tana gareji tun ranar hatsarin. Lasisin tuƙin yana hannun hukuma. 'Yata Tanya ba ta kira ba. Mijinta ta aika ranar Alhamis ya kwance kujerar jaririyarsu daga bayan motar, mai garejin ne ya gaya mini yana kallon takalminsa. Saƙo ɗaya ta turo: “Mama, ki nemi taron nan ki fara zuwa. Sannan mu yi magana.”

A asibiti sun ba ni takarda mai jerin wuraren da masu son rabuwa da giya ke taruwa. Na farko a jerin: cocinmu na Hallvik, ɗakin ƙasa, kowace Talata bakwai na yamma. Na yi dariya har hannun ya amsa. Shekara goma sha tara ina sakatariyar cocin nan. Ni na ba su mabuɗin.

Talata, 4 ga Fabrairu, biyar na yamma

Tara. Na koma aiki. Fasto ya ce in yi a hankali, ya tambayi hannun, bai tambayi komai ba bayan wannan. Mutumin kirki ne, kirkinsa har gajiyar da mutum yake yi.

Na taso da wuri don kada in haɗu da 'yan Talata a ƙofa. Haka nake ce musu. Vern Kopecky ne babbansu, wanda ya yi ritaya daga rumbun hatsi, tun shida da rabi yake zuwa ya ɗora kofi.

Ba zan iya sauka ɗakin nan ba, kuma dalilin ba kunya kaɗai ba ce. A watan Nuwamba na rubuta wa kwamitin coci wasiƙa mai shafi biyu a kansu: guntayen taba a bakin ƙofa, tabon kofi a kafet, wutar da ake bari a kunne, ƙofar baya da aka taɓa mantawa a buɗe. Na ce a karɓe ɗakin a ba mata masu ɗinki. Harlan Bjerke, shugaban kwamitin, ya ce bai taɓa karanta wasiƙa mai tsari kamarta ba. Ranar 27 ga wata za su yanke hukunci.

Zan nemi wani taron a wani gari. Jerin yana da tsawo.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, tsakar rana

Sha ɗaya. Jerin ba shi da tsawo. Lamba biyar na kira. Biyu ba sa aiki. Ɗaya wata mata ta ɗauka ta ce shagon gyaran gashin karnuka ne, shekara uku ke nan ana kiran ta a kan wannan magana, ta gaji. Ɗaya a birni yake, tafiyar awa biyu.

Yayata Ardis ta zo da dankali a kwano mai murfi. Ta buɗe firij ta rufe, ta leƙa ƙasan wurin wanke-wanke wai tana neman soso. Na ce mata, “Babu komai a nan, na zubar.” Ta ce ita soso take nema. Ta yarda za ta kai ni Stavik, inda na biyar yake, ranar Asabar, amma sai da ta tambaye ni me ya hana ni zuwa na nan, da ƙafa ma minti shida ne. Na ce mata ba irin nawa ba ne. Ta ce ita ba ta san iri-iri ake yi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, huɗu na yamma

Sha uku. Mil talatin da biyar zuwa Stavik, hanya duk ƙanƙara. Zauren tsofaffin sojoji a rufe, dusar ƙanƙarar da ke bakin ƙofar ko sawun kyanwa babu. Wani mai share gaban shagonsa ya ce ai wanda ke buɗe musu ya rasu tun bazarar bara, sauran suka watse. Ya dubi Ardis, ya dube ni, yana son ya gane wacece a cikinmu.

Muka juyo gida. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, da na ga ƙofar a rufe sai na ji sanyi a raina.

Litinin, 10 ga Fabrairu, shida na safe

Sha biyar. Tanya shiru.

Laraba, 12 ga Fabrairu, biyu na rana

Sha bakwai. Na gwada taron da ake yi ta bidiyo a cikin waya. Fuskoki kusan arba'in, kowa a ɗan akwatinsa, wani yana tuƙi, wata tana cin abinci, wani a bayansa rana ake yi da itatuwa kore shar. Na kasa riƙe wayar da hannu ɗaya, na ajiye ta a tebur, suka yi awa guda suna kallon silin ɗina. Wani saurayi ya ce, “Mai fankar sama, ko za ki ce wani abu?” Na kashe.

Ba laifinsu ba ne. Ni dai idan na kashe waya, ni kaɗai nake komawa a kicin ɗin nan, kuma ƙarfe huɗu na yamma ba ta fasa zuwa. Daga huɗu zuwa bakwai ne abin ke kama ni. Jiya na goge cokula duka, har waɗanda ba a fitarwa sai Kirsimeti.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, bakwai da rabi na yamma

Sha tara. Ardis ta kai ni Roskell, mil hamsin. A wannan karon ƙofa a buɗe, ɗakin karatu na gari, mata bakwai da dattijo ɗaya. Suka tarbe ni da fara'a, aka ba ni kofi da biskit. Na ce a raina ashe abin ba wuya.

Sai ta farko ta fara magana a kan mijinta. Ta biyu a kan ɗanta. Ina ta jira wata ta yi magana a kan kanta, har na gane cewa ɗakin da na shiga na iyalan masu sha ne, na masu shan kansu ranar Litinin ake yi. A jerin, harafi ɗaya ne ya bambanta su.

Ya kamata in tashi. Ban tashi ba. Wata yarinya da ba za ta wuce shekarun Tanya ba ta ce tun tana aji uku ta iya gane yanayin uwarta daga yadda mabuɗi ke shiga ƙofa. Ta ce yanzu tana da jariri, uwar tana roƙo a bar mata shi ko na awa ɗaya, ita kuma ba ta san yadda ake ce wa uwa a'a ba tare da zuciya ta tsage ba.

Ta kusa da ni ta dubi ɗorin, ta dafa gwiwata ta ce a hankali, “Shi ya yi miki?” Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka eh nake nufi, na bar ta a haka. Mijina shekara tara a kabari, ko barasar tari bai cika so ba, na bari aka ɗora masa.

Ardis ta tambaye ni yaya. Na ce kofinsu ba daɗi.

Talata, 18 ga Fabrairu, takwas da rabi na yamma

Ashirin da uku. Yau ban taso da wuri ba. Zan rubuta abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, in ya so gobe in yage shafin.

Bututun da ke kawo ɗumi ofishina ta ɗakin ƙasa ya biyo, bakinsa yana ƙasan teburina. Duk abin da aka faɗa a can yana hawowa tar. Shekara goma sha ɗaya ke nan ranar Talata nake buga takardar ibadar Lahadi, kuma ba don Talatar ta fi sauran ranaku ba. Nakan kashe babbar fitila, in jawo aljihun tebur na ƙasa, in ɗauko filas ɗin shayin da ba shayi a ciki, in zauna ina sha ina saurare. Na san wanda ya sayar da bindigar ubansa. Na san wadda ta kwana a motarta a bakin makaranta. Ina jin su ina cewa a raina, Allah ya sawwaƙe, ni dai ban kai nan ba.

A Nuwamba wata Dot, wadda ke aiki a kantin magani, ta ba da labarin yadda take zuba tata a filas ta kai wurin aiki, tana tauna alewar na'a-na'a, tana ganin ta fi kowa wayo. Suka yi ta dariya, ita ma tana yi. Ni kuwa filas yana hannuna. Ban yi barci ba ranar. Da safe na rubuta wasiƙar guntayen taba.

Yau na zauna babu filas. Vern ya ce sun ji ana shirin karɓe ɗakin, wani ya ja tsaki, Dot ta ce daga nan har mil arba'in babu wani taron da ke da rai. Sai suka ci gaba da abin da ya tara su. Na kai hannu aljihun tebur sau biyu, na tuna babu komai a ciki.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, goma na safe

Ashirin da shida. Shanun su Ardis sun fara haihuwa, ba za ta sake samun fita ba sai Afrilu. Ta ce, “Marlys, ni na gaji da yawo da ke gari-gari kamar masu tallan tukunya. Abin yana ƙarƙashin kujerarki.” Na ce ba ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, tun muna yara na fi son in mutu da in ce na yi kuskure.

Na ajiye waya kafin ta ƙarasa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, uku na rana

Talatin da ɗaya. Gobe kwamiti. Na shirya abin da zan ce, jimla uku kacal. Na maimaita su a gaban madubi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, takwas na yamma

Ni ke rubuta bayanin zama, kamar kullum. Harlan ya karanta wasiƙata da ƙarfi, tun daga gaisuwa har sa hannu. Ban san ta kai haka zafi ba. A wani wuri na ce “waɗannan mutane”, na ƙirga, sau biyar.

Fasto ya ce shi dai bai ga dalilin korar kowa ba a tsakiyar sanyi. Sannan ya juyo ya ce, “Marlys, ke kika kawo maganar. Akwai abin da za ki ƙara, ko ki rage?”

Mutum shida suna kallona. Matar Harlan tana kallon ɗorin. Duk sun san inda aka jawo motar, babu wanda bai sani ba, amma muddin ban faɗa ba ana iya ci gaba da cewa ƙanƙara ce.

Na ce babu.

Ƙuri'a huɗu da biyu. An ba su zuwa ƙarshen Maris. Na rubuta da hannun hagu, na sa kwanan wata.

Asabar, 1 ga Maris, sha ɗaya na safe

Ɗaya.

Lahadi, 2 ga Maris, biyar na yamma

Biyu. Ban je coci ba, na ce hannun ne. Kantin giya ma tafiyar minti shida ne da ƙafa, ta ɗaya ɓangaren. Ranar Juma'a yarinyar da ke kan na'urar kuɗi ta sa mini kwalbar a jakar takarda ba ta ɗago kai ba, na koyar da ita waƙar yara a coci shekara uku.

Na gaji. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba.

Talata, 4 ga Maris, tara na yamma

Huɗu. Na buga takardar sallamar da safe. Harlan ya sa hannu ya ce in ba su hannu da hannu tunda ina ginin ranar Talata, kada su ce mun ɓuya a bayan akwatin gidan waya.

Matakala goma sha huɗu ce. Na yi niyyar in sauka shida da rabi lokacin Vern yana shi kaɗai, amma na zauna ina kallon ambulan har bakwai ta wuce da minti biyar. Da na tura ƙofar su tara ne a zagaye, duk na san su, har da wanda ke kawo mana man ɗumama gida.

Na miƙa wa Vern. Ya sa tabarau ya karanta a tsanake, ya ninke ya sa a aljihun riga. Ya ce sun gode da aka sanar da su da wuri. Na ce to. Ban motsa ba. Ƙafafuna suka ƙi komawa matakalar.

Ya ce, “Akwai wani abu kuma?”

Na ce babu, sai dai kafet ɗin ya fi yadda nake zato tsabta. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba.

Dot ta ce, “Marlys, ko ki zauna ko ki rufe mana ƙofa, sanyi na shigowa.”

Na zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Wani ya sa mini kofi a hannun hagu. Vern ya ɗaga kai ya dubi bakin bututun da ke silin, sannan ya dube ni.

“Aljihun teburinki na ƙasa yana buƙatar mai,” in ji shi. “Shekara da shekaru yana mana ƙara a ka.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa tunanin abin da ke hawa yana sauka ba. Na ce ashe sun sani, me ya sa ba wanda ya taɓa cewa komai? Vern ya ce su ba sa hawa bene su kamo mutum, sai dai ya sauko da ƙafarsa. Dot ta ce ita kam ta so ta hau ta shaƙe ni a watan Nuwamba, Vern ne ya hana. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma ba ta wasa ba ce gaba ɗaya.

Da zagaye ya zo kaina na faɗi sunana, kamar akwai wanda bai sani ba. Sauran jimlar, wato cewa ni mashayiya ce, ta maƙale. Suka jira. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya jira haka ba. Da ta fito, ƙarama ce ƙwarai.

Na tura wa Tanya: “Na je.” Bayan awa ɗaya ta amsa: “To.”

Laraba, 12 ga Maris, tsakar rana

Sha biyu. An kwance ɗorin, hannun ya rame ya yi fari kamar ba nawa ba.

Na je wurin Harlan a shagonsa na ce ina so in janye wasiƙar. Ya ce an riga an kaɗa ƙuri'a, mata masu ɗinki har sun auna tagogi za su sa labule. Na gaya masa dalilina, duka, a tsaye tsakanin buhunan abincin kaji. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce yana yi mini addu'a, kuma za a iya sake duba maganar a zaman watan Satumba. Jimla ukun da na kasa faɗa ranar nan su na faɗa yau, babu abin da suka saya.

Vern ya tambayi ɗakin karatu, suna rufewa biyar. Masu kashe gobara sun ce a ba su lokaci. Mai gidan abinci ya ce ga ɗakin baya nan kyauta, sai dai ta gaban kantar giya ake bi.

Laraba, 19 ga Maris, shida na yamma

Sha tara. Jiya na je. Saura Talata ɗaya. Akwai wani Lyle, manomi, watansa biyu kacal da daina sha, bai cika magana ba. Jiya ya ce idan babu Talata shi bai san abin da zai jingina sauran kwana shidan da shi ba. Bai dube ni ba. Da ma ya duba.

Talata, 25 ga Maris, tara saura kwata na yamma

Ashirin da biyar. Na ƙarshe a ɗakin ƙasa. Vern ya wanke tukunyar kofi ya sa a kwali, ya ajiye mabuɗin a gabana a kan tebur, tunda ni ce mai karɓa. Aka yi ta shawara. Gidan Vern ɗaki ɗaya ne a saman shago. Dot tana zaune da surukarta. Gonar Lyle mil ashirin, mu uku kuma ba mu da lasisi.

Na ji bakina yana cewa teburin kicin ɗina yana ɗaukar mutum takwas, in an jawo kujerar ɗinki da ta piyano goma ne.

Dot ta ce, “Kin san gidanki yana kallon na Harlan ko?”

Na ce shekara talatin da huɗu ina wurin, na lura.

Vern ya ce in je in kwana da maganar, ba a yanke irin wannan da zafin kunya. Ya ce kuma idan na yarda in sani ba baƙi zan yi ba, ba a shimfiɗa zanen tebur, ba a dafa komai, kuma za su ɓata mini kafet. Sai ya tambaya ta wace ƙofa za su riƙa shigowa, ta gaba ko ta lungun baya. Na ce ta baya ta fi kusa da kicin.

Alhamis, 27 ga Maris, bakwai na safe

Ashirin da bakwai. Na kwana da maganar sau biyu. Na ɗauki waya in kira Vern in ce na fasa, na ajiye. Na sake ɗauka, na kira Ardis na gaya mata. Ta ce, “Ke da ko mai gyaran famfo sai ya cire takalmi?” Ta yi dariya har da tari, daga baya ta ce tana da kujeru biyu masu naɗewa a rumbu.

Ba jarumta ba ce, kada wata rana in karanta wannan in ruɗi kaina. Tsoro nake ji. Idan babu inda za su je, ni ma babu.

Talata, 1 ga Afrilu, shida da minti ashirin na yamma

Talatin da biyu. Nan na tsaya wancan karon.

Dusar ƙanƙara ta sauka tun asuba, ta kai ƙauri. Da rana na share hanyar baya, daga lungu zuwa ƙofar kicin, na zuba gishiri. Na dawo na jera kujeru, na sauke labulen falo, na zauna. Sai na tuna a lungun babu fitila, ga ciwon gwiwar Vern, ga matakala uku masu santsi da ni kaina na sha faɗuwa a kansu. Don kada a gan su, don kada a gan ni, zan sa dattijo mai shekara saba'in da shida ya lallaɓo ta wurin kwandunan shara.

Ƙarfe biyar na sake ɗaukar shebur. Hanyar gaba ta fi tsawo, hannun kuma bai gama warkewa ba, sai da na huta sau huɗu. Matar Harlan ta fito ɗaukar wasiƙu, ta tsaya ta ce wannan aiki haka, baƙi zan yi ne? Na ce eh, 'yan Talata ne, nan za mu riƙa yi. Ta ce to, Allah ya taimaka, ta shige da sauri har ta bar akwatin a buɗe.

Na kira Vern na ce su zo ta gaba. Ya ce to, kawai.

Na kunna fitilar ƙofar gida. Ga mota ta farko nan ta tsaya, ta Lyle ce, ya zo da wuri, yana zaune a ciki bai kashe ba. Bari in fita in tsaya a bakin ƙofa ya gan ni.